Katin da Na Kashe da Hannuna

Ina so in ba ku labarin wata ɓarna da na yi da hannuna, wadda na daɗe ina jin kunyar faɗinta. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, tun da jama'a suka fara komawa gidajensu, samari da yawa suna harhaɗa tsofaffin kwamfutoci don su sake buɗe shagunansu. To, kwanan baya a kasuwa na ga wani yaro ya zaro katin hoto daga aljihun jallabiyarsa, tsirara babu ko leda, yana miƙa wa abokinsa kamar mai ba da goro. Sai da gabana ya faɗi, domin ni ma haka na taɓa yi, kuma na san abin da ya biyo baya.

Ƙauyenmu yana kudu da Madani, a bakin babbar tur'a. Kamar sauran jama'armu, iyayena noman auduga da dawa suka sani. Ni kuwa Allah Ya kai abincina wani ɗan shago a bakin kasuwa, inda nake ɗaukar hoto, in buga katin gayyatar aure, in kuma haɗa bidiyon biki da na saukar Alƙur'ani. Ban da wannan akwai aikin da na ɗora wa kaina ba don kuɗi ba, wato ɗaukar maganar tsofaffinmu. Babba daga cikinsu shi ne Baffa, yayan mahaifina, wanda ya haddace yadda mahaifinsa ya taso daga ƙasar Hausa a ƙafa, ya bi ta Fort Lamy, Abeshe, Jinaina, Fashir da Ubayyid, ya tsaya a Jazira yana tsinkar auduga don ya tara guzurin ƙetarawa Makka ta Sawakin. Yakan kuma kawo labarin da ya ji a bakin dattawan Mai Wurno, na waɗanda suka biyo ɗan Sarkin Musulmi Attahiru zuwa gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Sa'o'i masu yawa na ɗauka yana magana, zaune a kan angarib ɗinsa, da wata irin Hausa wadda yaran yanzu rabinta kawai suke ganewa.

Matsalar ita ce kwamfutata ba ta da ƙarfin wannan aiki. Da na ɗora bidiyo mai tsawo sai ta riƙa ɗingishi, hoto ya tsaya murya ta wuce, wani lokaci aikin awa ɗaya ya cinye mini dare. Da na yi tambaya aka ce abin da take bukata shi ne katin hoto, wanda a shagunan Madani ake ce wa kart shasha. Wani ɗan allo ne mai nasa ƙwaƙwalwa da nasa fanka, ana soka shi a jikin uwar allon kwamfuta, sai ya ɗauke mata nauyin zana duk abin da ake gani a shasha. A lokacin Sudan tana ƙarƙashin takunkumin Amurka, wanda aka sa a 1997, ba a kuma ɗage shi ba sai a Oktoba 2017, saboda haka irin waɗannan kaya a jakar matafiya suke zuwa mana daga Dubai ko Jidda. In ya lalace a hannunka, babu wanda za ka mayar wa.

Ina da ƙane a Jidda, yana aiki a gidan burodi, tsaye a gaban tanda daga tsakar dare zuwa hantsi. Shi na yi wa kuka. Bai ce mini komai ba, sai bayan wata uku wani dattijo da ya dawo daga Umra ya aiko a kira ni, ya miƙo mini kwali. Daga baya na ji cewa kuɗin katin ya kusa rabin albashin yaron na wata.

Wannan kuwa a watan Fabrairu ne na 2017, tsakiyar hunturu, iskar arewa tana kaɗawa, leɓe yana tsagewa don bushewa. Ina sanye da sabuwar jallabiya irin mai sheƙin nan ta roba, wadda in ka tuɓe ta da dare cikin duhu kake jin ƙas-ƙas, har ka ga ɗan tartsatsi. Na iso shago da kwali, abokai suka taru. Na yage ledar da katin yake ciki, na ɗaga shi sama kowa ya gani. Wannan ya karɓa ya juya, wancan ya hura fankar, wani ya shafa haƙoran zinariyar da ke gindinsa da babban yatsa yana tambaya ko zinariyar gaske ce. Da aka gama kallo na ajiye shi a kan bargon da nake rufe firinta da shi. Na kashe kwamfuta, amma ban zare wayarta daga bango ba, don a ganina abin da aka kashe ai ya mutu. Na buɗe murfi, na tako tabarmar roba, na ɗauko kati, na danna shi a gurbinsa da ƙarfin tsiya, na kunna.

Fanka ta juya. Shasha kuwa baƙi ƙirin. Na kashe, na kunna, na zare, na mayar, har aka kira magariba. Abokai suka zame ɗaya bayan ɗaya.

Washegari na hau mota zuwa Madani, wurin wani mai gyara da aka yaba mini. Ya gwada katin a kwamfuta biyu, ya girgiza kai, sannan ya ce in faɗa masa duk yadda aka yi, kada in rage komai. Da na gama ya lanƙwasa yatsu uku. Ya ce na farko, an yi ta yawo da shi hannu zuwa hannu ana taɓa haƙoransa. Na biyu, an kwantar da shi a kan bargo, ga rigar roba, ga tabarmar roba, ga hunturu. Na uku, an soka shi alhali waya tana jikin bango. Ya ce kowanne daga cikin ukun nan shi kaɗai ya isa ya kashe kati, ni kuwa na haɗa masa su duka a yini ɗaya. Na tambaye shi ko akwai gyara. Ya ce, "Malam, ka yi masa salla kawai."

Kwana huɗu ina ganin kiran ƙanena ina ƙin ɗagawa. Shaiɗan ya yi ta raya mini in ce masa a mace katin ya zo, ai wa zai sani? A rana ta biyar na ɗaga. Ya ce, "Yaya, ya kati? Ya yi aiki?" Na ce masa na kashe shi da hannuna, na kuma faɗi yadda aka yi. Ya yi shiru har na zaci layi ya yanke. Can sai ya ce, "Ba komai, Yaya, Allah Ya sa iyakar asarar ke nan." Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Shekara ɗaya da rabi na yi ina fama da ɗingishin kwamfuta, ban sake buɗe baki na roƙi kowa ba. Ga shi a ƙarshen 2017 katunan hoto sun yi tsada a duniya baki ɗaya, saboda masu haƙar kuɗin intanet sun yi ta kwashe su. Sai bayan aikin Hajjin 2018, da alhazai suka dawo, aka sake kirana. Wani kwalin ne. A jikinsa yaron ya rubuta da biro: "Kada a buɗe sai 'yar Yaya ta zo."

'Yar Yaya ita ce 'yar babbar yayarmu, wadda a lokacin take karatun injiniya a Jami'ar Jazira da ke Madani. Ni na yi mata huɗuba ranar da aka haife ta. Hausawa na cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba, amma ranar nan ni ne a gindin rimin. Ta zo ranar Juma'a da hantsi. Abu na farko da ta yi, ta sallami duk wanda ke shagon, ta ce wannan ba wurin kallo ba ne. Na biyu, ta dube ni ta ce, "Kawu, don Allah ka koma gida ka sako rigar auduga. Mu da muke noma ta, mu ne kuma ba ma sa ta." Na tafi na sako. Kafin in dawo ta naɗe tabarmar roba, ta share teburin katako, ta ce in tuɓe takalmi in tsaya a kan daɓe.

Na ce mata ni fa har yanzu ban gane yadda hannun mutum, wanda ba ya ƙona ko takarda, zai ƙona ƙarfe ba. Ta ce, "Kawu, ka san yadda ruwa yake zuwa hawasha?" Na ce wannan kuma ai a ciki aka haife ni. Tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925, ruwan Jazira da kansa yake gangarowa, daga babbar tur'a zuwa ƙarama, daga nan zuwa abu ishirin, sannan abu sitta, sannan kunya. Ta ce, "To, in aka fasa babbar tur'a kai tsaye cikin abu sitta fa?" Na ce ai ko alamarsa ba za a gani ba. Ta ce haka wuta take. Jikin mutum yana tara wuta idan tufa tana gogar fata ko ƙafa tana gogar roba, musamman in iska ta bushe. Wutar nan tana neman inda ya fi ƙasa ta gangara. Hanyoyin da ke cikin kati kuwa sun fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba. Mutum ba ya jin tartsatsin sai ya kai wajen bolt 3,000, alhali abin da bai kai bolt 100 ba yana iya lalata wasu sassan. Wato kana iya kashe kati ba ka ji komai ba, ba ka ga komai ba. Wani lokacin ma ba ya mutuwa nan take, sai ya yi rauni, bayan wata biyu ya fara zane-zane a shasha, kai kuma ka ce mai shago ya cuce ka.

Daga nan ta sa ni na yi komai da hannuna, ita tana tsaye tana faɗa. Na kashe kwamfuta. Na kashe makunnin da ke bayan akwatin wuta. Na zare waya daga bango. Ta nuna mini wata 'yar fitila a jikin uwar allo, ta ce muddin waya tana bango, akwai bolt 5 da ke kwance a allon ko da an kashe kwamfuta, abin da na manta da shi ke nan a karon farko. Ta ce in danna makunnin gaba in riƙe na ɗan lokaci don sauran wutar ta tsiyaye. Fitilar ta mutu. Sannan ta ce in ɗora tafin hannuna a kan ƙarfen akwatin kwamfutar, inda babu fenti, in kuma riƙa maimaita haka duk lokacin da na matsa na dawo. Ta ce masu gyara suna ɗaura wani abu a wuyan hannu mai waya da ake maƙalawa a jikin akwatin, amma wanda ba shi da shi, taɓa ƙarfen ya wadatar, domin abin da ake nema shi ne jikinka da akwatin su zama daidai, kamar ruwan da ya kwanta, babu tudu babu gangare.

Kafin mu buɗe kwali sai da ta karanta takardar da ke manne a jikin akwatin wuta. Ta ce gurbin da ake soka kati, wanda ake kira PCI Express, iyakar abin da yake bayarwa wat 75 ne. Katin da ya fi haka ci sai an ja masa waya ta musamman daga akwatin wuta: mai ido 6 tana ƙara wat 75, mai ido 8 tana ƙara wat 150. Namu mai ido 6 ne, kuma a jikin kwalinsa an rubuta yana son akwatin wuta na wat 400. Nawa na wat 300 ne, ba shi ma da irin wayar. Na ce ko a yi dabara a haɗa da wata waya? Ta ce, "Kawu, dabara ce ta kashe na farko." Aka fasa aiki ranar. Asabar muka je Madani muka sayo akwatin wuta da ya dace. Ta kuma gargaɗe ni kada in kuskura in buɗe cikin tsohon, don yana riƙe wutar da za ta iya kashe mutum ko bayan an zare shi.

Ranar Lahadi aka sake komai daga farko. Sai da na taɓa ƙarfe sannan na zaro katin daga ledarsa. Ledar nan mai ruwan azurfa an yi ta ne musamman don ta kare shi daga wutar jiki, saboda haka ba a fitar da shi sai lokacin sokawa ya yi, ba a kuma yar da ita. Na riƙe shi ta gefe da gefe, kamar yadda ake riƙe hoton da bai bushe ba, yatsa bai taɓa haƙoran zinariya ba, bai taɓa bayan allon ba. Na kwance marfin ƙarfen da ke bayan akwati. Na buɗe 'yar sakatar da ke ƙarshen dogon gurbin, wanda ya fi kusa da ƙwaƙwalwar kwamfuta. Na daidaita tsagar da ke gindin katin da ta gurbin, na danna a hankali, gaba da baya daidai wa daida, har na ji ƙas, sakata ta kama. Ta ce in abu ya ƙi shiga, to, ba ƙarfi ya rasa ba, zama ne bai yi daidai ba, a zare a sake dubawa. Na ɗaure shi da sukuru don kada nauyinsa ya rinjayi gurbin. Na soka waya mai ido 6 har ƙugiyarta ta kama. Ta sa na ja ta kaɗan don a tabbata. Na tuna da wannan jan a 2022, lokacin da aka yi ta ba da labarin wasu manyan katuna masu tsada da bakin wayarsu ya narke a ƙasashen Turawa, kamfanin Nvidia kuma ya ce bincikensa ya nuna yawanci ba a tura wayar ta shige sosai ba ne.

Saura abu ɗaya da yake ruɗa mutane da yawa: wayar shasha. Na nufi tsohon gurbinta na jikin uwar allo, ta riƙe hannuna, ta nuna mini na jikin sabon katin. Muka rufe murfi, na yi bisimilla, na kunna. Haske ya kawo. Ta saukar da manhajar da ke tafiyar da katin daga shafin kamfanin da ya ƙera shi, muka ɗora bidiyon Baffa, ya yi magana tiryan-tiryan, leɓe da murya a tare. A daren na kira Jidda tun kafin a kira ni.

Shekara biyar katin nan yana ciyar da gidana. Na saya masa sitabilaiza saboda hawa da saukar wuta. Duk lokacin da habub ya taso na kashe komai na rufe da zane, bayan ya wuce na buɗe na hure ƙura, ina riƙe da fanka da yatsa don kada iska ta juya ta fiye da kima. Ko da wasa ban sake buɗe akwatin ba sai na zare waya na taɓa ƙarfe, har abin ya zama mini kamar alwala kafin salla. Yara suna yi mini dariya, ina ƙyale su. Baffa ya rasu a 2020, Allah Ya jiƙansa, amma kafin nan na gama haɗa maganarsa duka.

Sai yaƙi ya ɓarke a Kartum ranar 15 ga Afrilu, 2023, a watan Disamba kuma ya iso Madani. Ranar da muka ji harbi yana matsowa, aka ce kowa ya ɗauki abin da zai iya. Kwamfuta ba ta ɗaukuwa a motar da mutum talatin suke rububinta. 'Yar Yaya ta kira ni, layi yana yankewa, ta ce, "Kawu, faifan ajiya za ka fara cirewa. Kati ba ya riƙe komai, muryar Baffa tana cikin faifai." Na shiga shago jikina yana rawa. Babu wuta a garin tun kwana biyu, amma sai na ga hannuna ya je bango ya zare waya, ya danna makunni, ya dafa ƙarfe, ba tare da na umarce shi ba. Na cire faifai. Na kwance sukurun kati, na zare wayarsa, na danna sakata kafin in ja, domin wanda ya fizge kati bai danna ta ba yana iya tumɓuke gurbin gaba ɗaya. Leda biyu nake da su a aljihun tebur: ta wannan katin, da ta wancan da na kashe, wadda na kasa yarwa. Kati ya shiga tasa, faifai ya shiga ta marigayin. Uwargida ta naɗe su a zane ta cusa a ƙarƙashin tukwane. Duka aikin bai fi minti goma ba.

Muka sauka wurin dangi a Mai Wurno. Da tsakiyar 2024, da faɗa ya kai Sinja, muka sake ɗaura kaya zuwa Gadarif. A hanya masu bindiga sun karɓe wayoyinmu da 'yan kuɗin da ke jikinmu, amma ba wanda ya ɗaga tukwane. Bayan ƙaramar Salla ta 2025 muka dawo gida. Shago babu ƙofa, babu firinta, babu kyamara, akwatin kwamfutar ma an tafi da shi. Na samo wata tsohuwa a hannun wani malamin makaranta, na duba akwatin wutarta, na jira ranar da maƙwabcina ya ba ni aron wutar solarsa. Na sa rigar auduga, na tuɓe takalmi, na bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya. Da shasha ta kawo, ga Baffa a kan angarib yana gyara rawani, yana cewa, "To, daga Abeshe sai muka ji an ce babu ruwa a gaba." Jikokinsa da suka cika ƙofar shagon, wasunsu ba su taɓa ganinsa ba, suka yi tsit.

Yaron nan na kasuwa kuwa ban bar shi ya wuce ba. Na kira shi, na ba shi ɗaya daga cikin ledojin, na ce ya zo shago da kwamfutarsa ranar Juma'a da hantsi, ya kuma sako rigar auduga. Ya dube ni kamar yadda na taɓa duban 'yar Yaya, amma ya zo.

Don haka, 'yan'uwa, duk wanda wani nasa ya yi gumi a ƙasar mutane ya aiko masa da irin wannan kaya, ya bar shi a ledarsa, ya nemi wanda ya sani ko da ɗan cikinsa ne, ya zare waya, ya dafa ƙarfe, ya riƙe ta gefe, kada ya sa ƙarfi. Ya kuma saba da yin haka tun ana zaune lafiya, domin ranar gaggawa abin da hannu ya saba shi yake yi. Allah Ya maido mana da zaman lafiya a ƙasarmu, Ya mayar da kowa gidansa, Ya saka wa 'yan'uwanmu da ke ƙetare da alheri, amin.